BINDIGA BA TA ƊAUKAR KAYAN DA YA FI ƘARFINTA

A cikin kakar bara, muna zagayen makarantu a ƙasar Bagudo, muka sauka wata makarantar firamare da ke ƙetaren Kwara, ba nisa da iyakar Jamhuriyar Benin. Da muka duba littafin kiran suna na aji shida, sai muka ga wani yaro ya yi kwana goma sha tara bai zo ba, alhali kuwa kafin wannan bai taɓa fashi ba. Muka tambayi babban malami dalili. Ya ce bindiga ce ta fashe a hannun uban yaron, ta cire masa yatsu uku na hannun hagu, yaron kuwa shi ne babba a gidan, saboda haka girbi ya faɗo kansa.

Da la'asar muka tafi gai da mutumin. Aka ɗauko mana bindigar muka gani, irin harba-ruga ɗin nan ce ta gado, bututunta ya tsage daga gindi kamar an fasa kara. Ya ce birai da mugun dawa ne suka dame shi a gona, ga kuma zaman ɗar-ɗar da a ke ciki, sai wani ya sayar masa da harsasai a kasuwa, ya ce ya yanke su ya juye garin da ke ciki a bindigarsa, za ta fi ta kowa ƙarfi. Ya yi yadda aka gaya masa. Harbin farko shi ne na ƙarshe. Da muka yi masa jaje sai ya ce, “Malam, ƙaddara ce.”

Mun yarda ƙaddara ce, ba mai musun wannan. Amma Allah da ya ƙaddara ciwo shi ne ya hore wa ɗan Adam hankalin kauce masa, kuma abin da ya sami wannan bawan Allah yana da dalili wanda duk mai ilmi zai iya ganewa, ya kuma bayyana wa wani. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta wannan bayani domin malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi da na hakimai, gama su ne mutanen ƙauye ke kawo wa takarda ko kwali su ce, “Karanta mini abin da ke jikin nan.” Ba muna kiran kowa ya nemi bindiga ba ne. Muna magana ne a kan waɗanda ke hannun mutane tun tuni, da yadda za a tsare yatsu da idanu da rayuka.

ABIN DA KE AUKUWA CIKIN BUTUTU

Da yawa sun ɗauka albarushi tura harsashi kawai ya ke yi gaba. Ba haka abin ya ke ba. Sa'ad da wuta ta kama shi, sai ya ƙone ya zama iska mai zafi wadda ke neman wuri ninkin-ba-ninkin wanda garin ya ke ciki. Wannan iska tana tura kowane gefe daidai wa daida: gaba, da baya, da bangon bututu. Abin da ya sa harsashi ke fita shi ne, shi kaɗai ne ke da hanyar gudu. In bangon bututu ya fi harsashin rauni, to, bangon ne zai ba da hanya, hannun mai harbi kuwa yana nan daidai wurin.

Turawa suna auna wannan matsi da nauyin laba a kan kowane inci murabba'i, watau fili kamar girman kan sarki na wasiƙa. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce laba 30 zuwa 35 ba. Harsashin fistol mai milimita 9, wanda wani Bature mai suna Georg Luger ya ƙago a farkon ƙarni na 20, iyakar matsinsa laba 35,000 ne, watau ninki dubu na tayar mota. In an juya wannan lissafi, kamar a ɗora buhun siminti fiye da 300 ne a kan fili mai girman kan sarki. Ba ya daɗewa, bai kai ƙiftawar ido ba, amma dole ƙarfen ya ɗauke shi duk lokacin da aka harba. Malamin lissafi na iya sa 'yan aji shida su yi wannan lissafi da kansu, laba 35,000 kusan kilo 15,900 ke nan, buhun siminti kuwa kilo 50. Yaron da ya fitar da amsar da hannunsa ba zai manta da ita ba.

HARSASHI MAI ALAMAR +P

A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai da a ke kira SAAMI, wadda aka kafa a 1926. Ita ke yanke iyakar matsin kowane irin harsashi, domin mai ƙera bindiga da mai yin harsashi su tsaya a kan ma'auni guda. Bayan haka ta yarda da wasu kaɗan waɗanda aka ƙara wa zafi da gangan, a kan buga musu alamar +P a gindin kwanso da jikin kwali. Mai milimita 9 ya kan tashi daga 35,000 zuwa 38,500, ƙarin kashi goma cikin ɗari ke nan. Na libarba da a ke kira .38 Special ya kan tashi daga 17,000 zuwa 20,000. Wanda a ke kira .45 ACP kuwa daga 21,000 zuwa 23,000.

Abin lura a nan shi ne, girman harsashi mai +P da na kullum ɗaya ne, ba bambanci ko na gashi guda. Zai shiga bindiga lafiya lau, ba abin da zai gaya wa mai ɗura shi cewa ya ƙara wa ƙarfen kaya. Shigar harsashi cikin bindiga ba shaida ce ta dacewarsa da ita ba, wannan ita ce magana ta farko da mu ke so kowane malami ya riƙe.

Wanda ke da ikon cewa bindiga za ta iya ɗaukar +P shi ne kamfanin da ya ƙera ta, ya kan kuma rubuta haka a littafin da ke zuwa tare da ita, ko ya buga a jikin ƙarfen. Inda ba a rubuta ba, sai a ɗauka ba ta iyawa. Tsofaffin libarba, da waɗanda aka yi jikinsu da ƙarfe marar nauyi domin sauƙin ɗauka, su ne suka fi saurin gajiya. Har ma bindigar da aka yarda mata, yawan harba mata +P na sa ta tsufa da wuri: sassanta su kan saki, wayoyin da ke maido da ita su kan mutu, ga ƙarin naushi a hannu wanda ke sa harbi na biyu ya kauce. Ribar duka kuwa ɗan ƙarin gudu ne. Akwai kuma wani mai alamar +P+, shi wannan ƙungiyar ba ta yanke masa iyaka ba sam, kowane kamfani da abin da ya ga dama. Haka nan harsashin soja irin na ƙawancen NATO ya kan ɗara na kasuwa zafi, ko da ya ke ba a buga masa +P ba.

Dubi hikimar da masu sana'ar suka yi a 1935, sa'ad da aka fito da harsashin .357 Magnum. Kaurinsa ɗaya da na .38 Special, amma matsinsa 35,000 ne, ninki biyu ke nan. Domin kada wani ya ɗura shi a tsohuwar libarba, sai suka ƙara wa kwansonsa tsawo da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci, yadda ba zai zauna a gurbin .38 ba. Sun san halin ɗan Adam, sai suka sa ƙarfen ya hana shi abin da gargaɗi ba zai hana shi ba. Bindigar da aka ƙera a maƙerar ƙauye ba ta da wannan kariya, gama an huda gurbinta ne da ido, duk abin da aka tura mata za ta haɗiye.

GIDAN GWAJI DA MAƘERA

A Ingila tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, na London ma ya girme shi. A 1914 wasu ƙasashen Turai suka kafa hukumar haɗin gwiwa da a ke kira CIP domin wannan aiki, Faransa da Beljiyam suna ciki. Ka'idarsu ita ce, ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji, an ɗura mata harsashin da ya fi na kullum matsi da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, an harba ta daga bayan bango. In ta jure, a buga mata hatimi a gindin bututu. In ta kumbura ko ta tsage, a hana ta hatimi. Ta haka bindiga marar kirki ke fashewa a ɗakin da ba kowa, maimakon a hannun mai gona.

Ba raina maƙeranmu mu ke yi ba. Su ke yi mana garma da lauje da gatari, ba don su ba da noma ya tsaya. Amma maƙeri ba ya narka ƙarfen bututu da kansa, abin da ya samu shi ya ke aiki da shi, sau da yawa bututun famfo ne ko sandar sitiyarin tsohuwar mota. Bututun famfo naɗe shi aka yi aka like da walda daga wannan kai zuwa wancan, an yi shi ne domin ruwa, wanda matsinsa bai kai ko kusa da na albarushi ba. Wannan layin walda shi ne inda ya kan tsage. Ga tsatsa kuma tana cinsa daga ciki inda ido ba ya gani. Mafi muni duka su ne ƙananan bindigogin hannu na gida waɗanda a ke ɗura wa harsashin bindigar farauta mai lamba 12. Wannan harsashi, wanda matsinsa ke kai laba 11,500, an yi shi ne domin doguwar bindiga mai nauyi wadda a ke tokarawa a kafaɗa. A sa shi cikin guntun bututun da ba a taɓa gwadawa ba, a riƙe da hannu ɗaya dab da fuska, wannan caca ce da rai.

ALBARUSHI IRI BIYU NE

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Illo tsohon mashigi ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda ke ƙetare Kwara su bi ta ƙasar Bargu. Ta irin waɗannan hanyoyi ne dogayen bindigogin da Turawan bakin teku ke sayarwa suka riƙa hawowa Arewa. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani Afirka, amma suka bar bindigar ɗuri da baƙin albarushinta. Don haka kakanninmu da wannan baƙin gari suka saba, da shi suka koyi awo, har maharbi ya kan auna ɗurinsa da yatsu a jikin sandar ɗuri.

Amma tun 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano wani irin albarushi marar hayaƙi, shi ne ke cikin harsasan zamani duka. Wannan ya fi baƙin gari ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana da wani hali: gwargwadon yadda aka matse shi, gwargwadon yadda ya ke saurin ci, saurin cinsa kuma ya ƙara matsin. Masu yin harsashi da sikeli mai laushi su ke auna shi, ba da ido ba. To, mutumin da ya zuba shi a bindigar ɗuri da awon yatsun kakansa ya haɗa abu biyu da ba su taɓa haɗuwa lafiya ba. Abin da ya cinye yatsun uban ɗalibinmu ke nan. Kada wani ya ruɗu da launi, gama akwai albarushin zamani mai baƙi-baƙi. Duk garin da ya fito daga cikin kwanso haramun ne ga bindigar ɗuri, komai ƙanƙantarsa.

INCI A NAN, MILIMITA A CAN

Iyakar da ke tsakaninmu da Benin, wadda a da a ke kira Dahome har zuwa 1975, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898, suka sa ta taɓa Kwara mil goma sama da Giris, tashar jiragen ruwan Illo. Layin bai raba zumunta ba. Mutanen Lolo da Tsamiya da Ka'oje suna cin kasuwa da na Segbana da Malanville, ana aure, ana biki tare. Amma ya bar mana ma'auni biyu, kuma wannan ya shafi maganarmu.

Harsashin farauta mai lamba 12 yana da tsawo iri-iri. Akwai mai milimita 65, watau inci biyu da rabi. Da mai 70, inci biyu da kwata uku. Da mai 76, inci uku. Kwalin da ya fito ƙasashen Faransanci a kan rubuta masa 12/70 ko 12/76, tsohuwar bindigar Ingila kuwa da inci aka buga mata. Wannan tsawo na kwanso ne bayan ya buɗe, ba kafin a harba shi ba. Saboda haka dogon harsashi zai shiga gajeren gurbi ba gardama, amma in an harba, bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai ya ƙuntata hanya, matsi ya hau. Ka'idar mai sauƙi ce: gajeren harsashi a dogon gurbi ba laifi, dogon harsashi a gajeren gurbi haɗari ne. Malamin da aka kawo wa kwali ya karanta, ya ce a kawo masa lambar da ke gindin bututu ya gwada su.

Haka kuma kada a gama harsashi mai lamba 20 da mai lamba 12 a jaka guda. Mai lamba 20 ya fi siriri, in an sa shi bisa kuskure sai ya zurma ciki ya maƙale. Mai bindiga ya ga gurbi wayam, ya zaci bai ɗura ba, ya ƙara wani a baya. Ƙarshen wannan labari kowa ya san shi.

SAURAN ABUBUWAN DA KE ƘARA MATSI

Ko da harsashi ya dace da bindiga, akwai abubuwan da ke sa matsi ya wuce iyaka. Na farko shi ne toshewar bututu. Maharbi ya yi tuntuɓe a fadama, bakin bindiga ya caki laka; ko an rataye ta a ɗaka tun damina, zanzaro ya gina gidansa a ciki; ko an toshe bakin da tsumma saboda ƙura aka manta. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya fasa bututu. A duba ciki kafin a ɗura, kowace rana.

Na biyu shi ne ɗuri a kan ɗuri. Wa ya ɗura bindiga ya jingine, ƙane ya zo ya ƙara nasa. Maganin wannan shi ne a zura sandar ɗuri sa'ad da bindiga ba kome a cikinta, a yi mata zane daidai bakin bututu. Duk ranar da aka zura ta zanen bai kai ba, akwai abu a ciki. Kuma in an ɗura, a tabbata darma ta zauna a kan albarushi, gama in an bar sarari tsakaninsu bututu na iya kumbura a wurin.

Na uku shi ne harsashin da ya mutu a hanya. In aka harba aka ji ƙara ƙasa-ƙasa, ba naushi a hannu, to, a tsaya. Mai yiwuwa ƙwayar ta maƙale a tsakiyar bututu, wanda ya biyo bayanta kuwa ba shi da hanya. In kuma kunama ta sara bindiga ta ƙi tashi, kada a leƙa, kada a juyo da ita. A bar bakinta yana kallon inda ba kowa har rabin minti, in ta ɗuri ce minti guda ko fiye, gama wuta kan yi jinkirin kamawa.

Na huɗu shi ne zafi. A ƙasar Kabi zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kwano. Harsashi mai zafi ya fi mai sanyi matsi, kuma wanda ya daɗe cikin zafi da laima garinsa kan lalace. Wanda ya yi tsatsa, ko ya loɓe, ko ƙwayarsa ta nutsa cikin kwanso saboda yawan sawa da cirewa, a ware shi, gama nutsewar ƙwaya tana rage wa albarushi wuri.

Bindiga kuwa ta kan yi gargaɗi kafin ta yi ɓarna. In kwanso ya ƙi fita sai da ƙarfi, ko ya fito a tsage ko a kumbure, ko hayaƙi na fesowa ta baya, ko an shafa bututu an ji ƙullutu, to, ta faɗi abin da ke damunta. A ajiye ta. Ɗaure tsagar bututu da waya ko fata ba ya ƙara masa ƙarfi ko kaɗan.

ABIN DA DOKA TA CE

Tun da Lakurawa suka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, suka kashe mutane fiye da goma, tsoro ya shiga ƙauyukan kan iyaka, mutane da dama suka sauko da tsofaffin bindigogi daga rataya. Ba ma ganin laifin mai tsoro. Amma tsoro shi ne kasuwar mai sayar da harsashin da ba a san asalinsa ba, kuma wajibi ne malami ya san doka domin kada ya ɓad da wanda ya tambaye shi.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. A cikinsu akwai bindigogin soja, akwai kuma fistol da libarba kowace iri, har da ta ɗuri. Ke nan ƙaramar bindigar hannu, ko ta kamfani ko ta maƙera, ba ta halatta ga talaka ba. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta, lasinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne bindigogin ɗuri, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke da ikon hana riƙe su sai da lasin. Harsashi ma ba a riƙe shi sai mai lasin bindigarsa, ƙira da gyara kuma sai da izni. Tsallako da makami ko harsashi ta kan iyaka laifi ne a nan da can, Nijeriya da Benin kuwa duk suna cikin yarjejeniyar ƙananan makamai ta ECOWAS da aka ƙulla a Abuja a 2006.

Masu riƙe fistol bisa doka a wannan yanki su ne jami'an Gwamnati, kamar soja da 'yan sanda da ma'aikatan kwastan. Su ma maganar +P ta shafe su. Harsashin da aka ba su daga ma'ajiyar makamai shi ne aka tabbatar ya dace da bindigarsu. Wanda aka kama a hannun 'yan fasa-ƙwauri shaida ne na kotu, ba guzuri ba.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

In bindiga ta fashe, abin da ke kashe mutum da sauri shi ne zubar jini. A sami tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, kada a riƙa buɗewa ana dubawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kansa. Kada a zare guntun ƙarfen da ya nutse, kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki. In ido ne, a rufe shi da abin da ba zai danne shi ba, kada a murza. A garzaya asibiti mafi kusa, a roƙi allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, in rauni ya yi tsanani a wuce Birnin Kebbi, inda Asibitin Sir Yahaya ya ke.

Da yawa su kan ɓoye mai rauni a gida don tsoron 'yan sanda, har hannu ya ruɓe. A sanar da su cewa tun 2017 akwai dokar tarayya da ta tilasta wa kowane asibiti, na Gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga ya yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibiti ne zai sanar da hukuma daga baya. Amsa tambaya ya fi rasa hannu sauƙi.

AIKIN DA KE GABANMU

Muna roƙon malaman makaranta su ware darasi guda a zangon nan domin wannan magana, a haɗa ta da kimiyya da lissafi. A koya wa yara cewa in sun tsinci harsashi a daji kada su taɓa, kada su jefa wuta, su gaya wa babba. A koya musu cewa kowace bindiga a ɗure ta ke har sai an tabbatar. Akawunan hakimai da na ƙananan hukumomi kuwa su nemi Sarkin Baka na kowane gari, su zauna da shi cikin girmamawa, gama maharba sun fi jin maganarsa da tamu. Haka nan masu harba bindiga a hawan salla da bukukuwa, waɗanda ke ƙara ɗuri domin tasu ta fi ta kowa ƙara, a tuna musu cewa jama'a na kewaye da su.

Yaron da muka ba da labarinsa ya koma makaranta bayan an gama girbi, babban malami kuma ya yi alkawarin taimaka masa ya cim ma 'yan ajinsu. Ubansa yana koyon riƙe fartanya da yatsu biyu. Da muka yi sallama ya ce mana, da ya sami wanda ya gaya masa tun farko, da bai yanke harsashin nan ba. Wanda zai gaya masa ɗin kuwa mu ne, masu karanta wannan jarida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.